Randunan Yaya Hudu

Ku da kuka zauna a Limawa a wancan zamani ba sai na gaya muku ba, Yaya Hudu jin sa ake yi kafin a gan shi. Ba wai murya gare shi ba, ina! Mutumin da in yana magana sai ka karkato kunne. Aljihunsa ne yake yi masa sallama. Wani ɗan gwangwanin man shafawa gare shi da ya huhhuda murfinsa da ƙusa, kullum yana aljihun ƙirjinsa, a ciki kuwa gyare ne uku ko huɗu, rayayyu. Yana tafe suna tsirr, tsirr, tsirr. Ina cikin gida ina damun koko sai in ji, in ce, "A miƙo kwanon dusa, ga mai gyare nan."

In ka tambaye shi dalili sai ya ce, "Guzuri ne. Ka san wa za ka tarar a hanya da yunwa?"

Ni ce Kande, taubashiyarsa. Babana da innarsa ciki ɗaya suka fito, ni 'yar namiji shi ɗan mace, don haka tun ina tatata nake kiran sa bawana, duk da ya ba ni shekara goma cif. To kada wani ya tashi ya ce ina cin naman mamaci. Haƙƙina ne. Na fi shekara hamsin ina tsokanarsa, ba mutuwa ce za ta zo yau ta raba mu da wasa ba.

Mai gidana, Allah ya ji ƙansa, shi ya kawo mini labarin masallaci. Sallar La'asar ce, an yi sujada, wuri ya yi tsit, sai aljihun Yaya Hudu ya ɗauka. Sahu biyu suna ta danne dariya. Da aka sallame liman ya juyo.

"Malam Hudu, wannan abin ba zai zauna a gida ba?"

"Allah gafarta Malam, ai shi ma tasbihi yake."

"To ya yi a zuci mana."

"Na gaya masa. Namiji ne, ba ya jin magana."

A ƙarshe dai aka daidaita, gwangwani ya riƙa zama cikin takalminsa a bakin ƙofa. Shi ya sa a duk masallacin nan takalmin Yaya Hudu ne kaɗai ba a taɓa musanyawa ba.

Abin ya samo asali ne shekarar da aka ba mu jiha aka ce Dutse ce hedikwata. Katafila ta shiga dajin bayan gari tana ture itatuwa za a yi ofisoshi. Yaya Hudu ɗinkin hula ne sana'arsa, ya je kai wa wani hula sai ya tsinci hawainiya a gindin bishiyar da aka kayar, idonta ɗaya ya mutu. Ita kuwa hawainiya da ido biyu take auna ƙwaro kafin ta harba harshe, mai ido ɗaya sai ta yi ta harbin iska. Ya sako ta a hula ya kawo gida, ya yi mata keji da kara da tsohon gidan sauro, ya raɗa mata suna Gimbiya. Bayanta sai ga Barde, wani jan gwada da ƙofa ta datse wa ƙafa. Sai wani ƙaton gizo-gizo da tsintsiyar matarsa, Yaya Asabe, ta kakkarya, ya ajiye shi a kwalbar alewa. Wannan shi yake kira Abokin Sana'a, wai su biyun duk da zare suke ci. Hawainiya ba ta daɗewa a duniya, amma duk wadda aka kawo masa da rauni bayan ta farko sunanta Gimbiya. Wai sarauta ce, ba a barin gadon babu kowa.

Na ce da shi, "Bawana, mutane suna kiwon tumaki su yi layya. Kai me za ka yi da waɗannan?"

"Ba ni zan yi da su ba. Su za su yi da ni, ranar da za a tambaye ni." Sai ya kaɗa mini allurar ɗinkinsa. "Duk abin da kika rufe wa ƙofa, Kande, cikinsa yana wuyanki."

Maganar nan kun ji ta a bakinsa har kun gaji. Amma wallahi ya riƙe ta. Alkawari ya yi wa kansa, babu abin da zai kwana da yunwa a hannunsa ko da kwana ɗaya. Ga shi baƙin nasa masu tsirfa ne, ba sa cin komai sai mai rai, sai sun ga yana motsi. Da damina ba wuya, ƙwari ko'ina. Sanyi na shigowa sai a nemi gyare a rasa. Shekarar farko ya sha wuya, dattijo da gemunsa yana rarrafe yana ɗaga duwatsu. Daga nan ya ce ba zai kuma ba, kiwonsu zai yi.

Randa bakwai ya jera a ɗan ɗakin da ke jikin madafi, inda ɗumin murhu yake ratso bango, kowacce an ɗaure bakinta da tsumma. A ciki akwai kwalin ƙwai da yake roƙowa wurin mai shayi, don su sami maɓoya. Akwai dusa. Akwai ɓawon kankana ko na kabewa a madadin ruwa, don gyare wawa ne, ka ajiye masa ruwa a murfin kwalba sai ya faɗa ya mutu. Sai gwangwanin kifi cike da yashi mai danshi, nan matan suke soka ƙwai. Bayan kwana uku ya cire gwangwanin ya kai randa ta bakwai, wadda yake kira ɗakin jego, don in aka bar wa manyan sai su tone ƙwan su cinye. Sati biyu da ɗan wani abu sai ka ga 'ya'ya sun fito kamar kiyashi.

Wata rana ya tilasta mini leƙawa, ina toshe da hanci.

"Kin ga wannan mai allura a baya? Mace ce. Shiru take, aikinta kawai. Namijin ne mai surutu. Ke Kande, a gidan gyare da namiji ce ke."

Na ce, "Shi ya sa jininku ya haɗu. Da kai da su babu mai aikin yi."

Tattali kuwa, tabɗi! Kun tuna bikin 'yar ƙaninsa a Aujara? An yanka kankana an raba wa baƙi, sai ga Yaya Hudu, uban amarya guda, cikin babbar riga, yana bin tabarma-tabarma da buhu yana cewa, "Jama'a kada a ci har ɓawo, a bar wa masu shi." Wani dattijo daga dangin ango ya ce, "Malam, dabbobi gare ka ke nan?"

"Sun fi dubu."

"Kai, masha Allah! A ina kake ajiye su?"

"A randa."

Bawan Allahn nan bai ƙara tambaya ba, ya dai ɗan ja jikinsa gefe. An ɗaura aure da hantsi, kafin azahar Yaya Hudu yana bakin titi da buhunsa yana tsaida mota. Aka ce ya kwana mana, ya ce Gimbiya ba ta san ana biki ba.

Yaya Asabe kam ta sha haƙuri. Wani sanyi ta nemi bargon da ɗansu ya aiko mata ta rasa, sai ganinsa ta yi lulluɓe da randar jego.

"Malam, ni fa?"

"Ke kina da bakin cewa kina jin sanyi. Su fa?"

"To ga shi na faɗa."

"Kin ga kin sami sauƙi ke nan."

Ta shuka 'yar ramarta a bayan ɗaki, shi kuma nan ya ga ya dace ya riƙa ɗora Gimbiya shan hantsi. A duk ƙasar nan ita kaɗai na sani da ta taɓa ce wa mijinta hawainiyarsa ta kiyayi ramarta, kuma da hawainiyar da ramar duk suna wurin suna saurare.

To na faɗi nasa, bari in faɗi nawa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, gari ya ɗauki ɗumi, kowa yana son ya nuna nasa ƙoƙarin. Wasu samari suka haɗa kansu, ba wanda ya sa su, suka ce su ne kwamitin gyaran tarbiyya, suna bin lungu-lungu neman 'yan caca da masu giya. Yawancinsu baƙi ne da aiki ya kawo Dutse. Shugabansu wani Sabi'u, yana haya a layinmu. Mutumin kirki ne, ban musa ba, sai dai zafin kai, kuma bai san wa ya haifi wa a Limawa ba.

Wata safiya a tsakiyar sanyi ina sayar da koko a ƙofar gida, Sabi'u yana tsaye da kofinsa, sai ga Yaya Hudu ya zo karɓar dusa kamar kullum. Ni kuwa kun san bakina ba linzami.

"Ga mai burukutu nan! Bawana, an hana giya a ƙasa, kai kana nan da randa bakwai a rufe a jikin murhu. Ka ji tsoron Allah!"

Kun san ƙa'idar wasan taubasai. Wanda aka yi wa ƙage ba ya musu, ba ya rantsuwa, ba ya fushi. Ya kuskura ya ce wallahi ban yi ba, an ci shi ke nan. Sai dai ya karɓa ya mayar da wadda ta fi ta. Yaya Hudu ko gezau.

"Eh, ina dafawa. Ke ce ma babbar mai saye, shi ya sa kokonki yake kasuwa."

Muka yi dariya, ya ɗauki dusarsa ya wuce. Ban ko lura ba ashe Sabi'u ya ajiye kofinsa bai shanye ba.

Washegari rana ba ta gama ɗagowa ba na ji hayaniya. Na yafa mayafi na fita. Samari bakwai ne da gorori, sun yi sallama sun ce mata su shiga ɗaki, sun kinkimo randunan kaf sun jera a ƙofar gidan, a kan idon jama'a. Gyare kuwa in ya ji sanyi ko an jijjiga shi tsit yake yi. Ranar da ake buƙatar surutunsu, ranar suka zaɓa su yi shiru. Wani maƙwabci ya ce, "Yara, gyare ne fa a ciki." Sabi'u ya ce, "Gyare a randa bakwai? Haba Baba, a raina wa wani hankali dai." Sauran 'yan Limawa da suka san gaskiya suka jingina da bango suka yi gum, kowa yana son ganin ƙarshen wasan.

Sabi'u ya russuna ya ce, "Baba, muna ganin girmanka. Da kunnena na ji ka amsa. Ka rantse babu giya a ciki, mu mayar maka da kayanka."

Yaya Hudu ya buɗe baki zai yi magana, sai ya hango ni. Ya mayar ya rufe.

"A gaban wannan matar? Ban taɓa musa mata ba tun da aka haife ta, ba yau zan fara ba."

Na ce, "Yaya Hudu, don girman Allah ka rantse! Wasa nake!"

"Kun ji ko? Ita ta fara janyewa. Ku zama shaida."

"To buɗe mu gani," in ji Sabi'u.

"Ba a buɗewa sai rana ta yi zafi. Ku zauna, a kawo muku tabarma."

Nan haƙurin Sabi'u ya ƙare. Kowa ya tsaya a kan randa guda, suka ɗaga gora, suka sauke tare.

Jama'a! La ilaha illallahu! Ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Gyare cikin wando, gyare cikin hula, gyare cikin wuyan riga. Sabi'u yana tsalle yana salati yana dukan cinyarsa, wani ya yar da gora ya zura da gudu takalmi ɗaya. Kajin Limawa kaf suka hallara, ranar suka yi sallarsu. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Sai na juya na ga Yaya Hudu durƙushe a kan fasassun randar jego, yana tattara yashin ƙwan da tafin hannu, duk an tattake shi cikin ƙasa mai sanyi. Nan take na daina dariya.

Mai unguwa ya zo ya yi faɗa, Sabi'u ya durƙusa ya ba da haƙuri, Yaya Hudu ya ce ya yafe. Amma yafiya ba ta cika ciki. Aikin shekaru ya tafi cikin kaji, abin da ya rage gyare huɗu ne na aljihu, ga baki uku, ga sanyi bai ko yi rabi ba.

Da safe ban ji tsirr-tsirr ba, sai ganin mutum na yi. Ya tsaya nesa da tukunyar kokona, ya ɗan russuna.

"Ina kwana, Hajiya Kande. An tashi lafiya? Yaya iyali?"

Ni! Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Na ce, "Bawana..." Ya ce, "Allah ya ba da kasuwa," ya wuce. An zage ni a duniya, amma ban taɓa jin zagin da ya yi mini ciwo kamar gaisuwar nan ba. Taubashinka ya fara girmama ka, ai ya sallame ka ke nan. Na shiga gida na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba.

Na zagaya wurin Yaya Asabe. Ta ce jiya ya raba musu na aljihun, yau babu komai. Ya miƙa wa Gimbiya mataccen ƙuda ta kau da kai. Shi ma ya ture ɗumamensa, wai ba zai ci ba su ba su ci ba. "Kin san halinsa, Kande. Sai ya kashe kansa a kan ƙadangare."

Na zauna na yi tunani, ina ne yake da ɗumi a garin nan cikin sanyi? Sai gidan burodi ya faɗo mini. Na ɗauki kwano mai murfi, na buga wa Sabi'u ƙofa. Na ce, "Ni na jawo, kai ka fasa. Tashi." Ya tashi ya biyo ni. Ku zo ku gan mu a bayan tanda, cikin toka da tarin itace, ni da nake ƙyamar abin nan kamar me, ina rarrafe ina kasa kunne, inda na ji tsirr in kai hannu. Mai burodi ya leƙo ya ce, "Inna, me ya faɗi?" Na ce, "Mutuncina." Kafin La'asar kwano yana ta kuka.

Na same shi a soro, hula a cinya ba ya ɗinki. Na ajiye kwanon a gabansa na koma gefe. Ya ɗaga murfin kaɗan ya leƙa. Ya kama ɗaya da yatsa biyu, ya barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai yadda ya saba, ya kai saitin idon Gimbiya. Ta juyo idon, ta yi jinkirinta na sarauta, sai harshe, fat! Ya ba Barde. Ya jefa wa Abokin Sana'a. Sannan ya ɗaga murya.

"Asabe, ɗumamen nan yana nan?"

Ya sake leƙa kwanon, ya daɗe yana juya su da tsinke.

"Kande."

"Na'am, Yaya."

"Da kunne kika yi farautar nan ko?"

"Eh."

"Shi ya sa. Duk maza kika kamo, ko mace ɗaya babu. Dama mai surutu ɗan'uwansa yake ji. Uwargijiyar banza, ko gyare ba ta iya zaɓa ba. Gobe ki koma, masu allura nake so."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Sati guda ina komawa bayan tandar nan, har aka tara iri. Sabi'u ya turo sababbin randuna bakwai a baro da kansa. Sai dai har aka yi masa canjin wurin aiki bai ƙara shan kokona ba, wai a bar abin da ake kokwanto.

Bayan wasu shekaru ciwon ajali ya kama shi, bai ko daɗe a kwance ba. Na je duba shi, ya rame sai idanu, gwangwanin yana gefen matashinsa. Ya ce Asabe ta yi haƙurin da ya isa, ba zai bar mata wahala ba. Sai ya kalle ni.

"Kande, ba ku kuke cewa bawa da dukiyarsa duk na ubangijinsa ne ba? To tun kina tatata kike cewa ni bawanki ne. Ga randa bakwai can, ga Gimbiya. Ki aiko a ɗauka."

Na miƙe tsaye. "Ni? Allah ya kiyaye! Wallahi tallahi kai ba bawana ba ne, ban taɓa..."

"Ta musa! Asabe, kin ji, har da rantsuwa. Na ci!"

Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Kwana biyu tsakani ya cika.

Randunan suna nan a jikin murhuna. Barde da Abokin Sana'a sun daɗe da tafiya, amma gadon Gimbiya bai taɓa zama babu kowa ba, har gobe ana kawo mini masu rauni. In kun gan ni a gidan biki ina bin tabarma ina cewa kada a ci har ɓawo, ku yi dariyarku, ni ma na yi tawa. Gwangwanin kuwa ga shi nan ƙulle a bakin zanena, shi ne kuke ji tun ɗazu.

Ranar da aka kai shi, da maza suka dawo na ji ana cewa an rufe, maganarsa ce ta faɗo mini. Ya Allah, Hudu bawanka ne na gaskiya, ni wasa nake. Bai taɓa rufe wa wata halitta ƙofa ya bar ta da yunwa ba. Yau shi aka rufe wa ƙofa, ba shi da kowa sai Kai. Ka ciyar da shi daga rahamarka, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanya masa haske. Amin.